An Ƙirga Mu Tun Kafin a Tambaye Mu

Ɗan Isa ɗaya ce daga mazaɓun ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda. Ranar zaɓe, idan an samu lafiyar hanya, malaman zaɓe kan iso da akwatuna da na'urar tantance masu ƙuri'a, maza su ja layinsu, mata su ja nasu, kowa da katinsa a hannu. Yaron da aka haifa bayan 1999 sai ya ɗauka haka abin yake tun fil azal. Alhali kakansa bai samu damar zaɓen ɗan majalisar tarayya da hannunsa ba sai a 1959, kakarsa kuwa sai da ta ƙara jiran kusan shekara ashirin a kan haka. Sunan gidansu dai ya daɗe a littafin hukuma. Littafin haraji ne.

Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, kuma aikin da suka fi mayar da hankali a kansa bayan an ajiye bindiga shi ne ƙidaya. Di'o ya fita rangadi, ya sauka a gari, a tara masa magidanta, a rubuta baligai nawa ne, gonaki nawa, shanu nawa. Daga wannan lissafi ake yanka haraji da jangali. Mai unguwa ya tara ya kai wa hakimi, hakimi ya kai wa uban ƙasa, uban ƙasa ya aika baitulmalin En'e a Sakkwato. Ƙasar Ƙaura da Zurmi da Shinkafi, ƙasar da su Namoda suka yi jihadi a cikinta, ta zama layuka a takardar Razdan. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya iso Ƙauran Namoda, ya tsaya nan, kamfanonin Turawa suka kafa sikeli suna auna gyaɗa da auduga. A lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1942 da 1944, an ɗebi ƙarti daga lardunan Arewa, har da Lardin Sakkwato, aka kai su haƙar kuza a ƙasar Jos ba da son ransu ba. Ɗiban gwamna ake ce da shi, kuma da yawa sanyin dutse da yunwa da cuta suka kashe su a can. A duk waɗannan al'amura hukuma ta san adadin mutanen Ɗan Isa sarai. Abin da ba ta taɓa yi ba shi ne ta tambaye su me suke so.

Littattafan makaranta kan ce zaɓe ya shigo Nijeriya da tsarin mulkin Gwamna Kilifod na 1922. Gaskiya ne, amma a duba girman ƙofar da aka buɗe. Kujeru huɗu kacal aka ware wa zaɓe a majalisar dokoki: uku na Ikko, ɗaya na Kalaba. Mai jefa ƙuri'a sai ya kasance namiji mai samun fam 100 a shekara, kuɗin da manomin gyaɗa zai yi shekaru yana noma bai haɗa su ba. An yi zaɓen farko a 1923, jam'iyyar Herbert Macaulay ta kwashe kujerun Ikko. Arewa kuwa ba ta ma cikin hurumin wannan majalisa wajen yin doka. Gwamna ne ke zama ya yi wa lardunan Arewa doka da sa hannunsa, sai Razdan ya kai wa sarki, sarki ya sa a yi shela. Haka aka zauna har 1947.

Me ya sa? Amsar da Turawa ke bayarwa ita ce suna kare sarautarmu da addininmu daga gurɓacewa. Akwai ɗan abin kamawa a ciki, tun da Gwamna Lugga ya yi alkawarin ba zai taɓa addini ba. Sai dai a ƙarƙashin wannan amsa akwai wani tunani da ba a ɓoye shi a rubuce-rubucen wancan zamani: cewa 'yan Adam hawa-hawa ne, farar fata a sama, baƙar fata a ƙasa, kuma baƙin mutum bai kai ya riƙe al'amarin kansa ba sai an yi ta renonsa. Mu a Arewa mukan ji wariyar launin fata mu tuna Afirka ta Kudu ko Amurka, kamar abin bai taɓa sauka ƙasarmu ba. Ya sauka, kuma da doka ya sauka.

Dokar garuruwa ta 1917 ta tanadi a keɓe wa Turawa unguwarsu, a bar fili na yadi 440 tsakaninta da mazaunin baƙar fata, ba gini ba bukka. Dalilin da aka bayar shi ne sauro: wai ba zai iya ɗauko zazzaɓi daga jikin 'ya'yanmu ya ƙetare wannan fili ba. Amma kuku da boyi da mai gadi da ɗan doki, a bayan gidan Baturen suke kwana, kuma ba wanda ya ce sauro zai bi ta kansu. Wannan unguwa ita ce Bariki, ita ce kuma ta zama GRA da manyanmu suka gada. Asibitin Turawa daban, kulob ɗinsu daban. Aikin gwamnati ma an raba shi biyu a rubuce, muƙaman Turawa da muƙaman 'yan Afirka, kowanne da albashinsa. Tun 1902 aka rufe wa likitoci baƙar fata ƙofar shiga rukunin manyan likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma, ko da kuwa a Ingila suka yi karatu tare da Turawan da ake ɗauka. Idan ana son a ga yadda ake auna rai da rai a lokacin, a tuna Satiru: a 1906 an kashe Turawa uku da sojojinsu baƙaƙe fiye da ashirin, a ramuwar gayya aka kashe mutane kimanin dubu biyu, aka shafe garin daga doron ƙasa.

A garuruwan jirgi kamar Kano da Zariya da Gusau matakan sun fi biyu. Bature a sama. Ƙarƙashinsa Kwara, wato 'yan Labanan da Siriya masu kantuna. Sai akawuna da ma'aikatan jirgi 'yan Kudu, an ware su a Sabon Gari. Sai talakan gari a hannun En'e da alƙali da ɗan doka. An raba wurin kwana, an raba makaranta, an raba kotu, aka hana mutanen da wata rana za su zama 'yan ƙasa ɗaya su san juna. Da rigimar siyasa ta tashi a watan Mayun 1953 a Kano, kan iyakar Fagge da Sabon Gari ta fashe, hukuma ta ƙirga gawa 36.

Abin da ya tilasta wa gwamnati ta ji kunya ƙaramin lamari ne a ido. A farkon 1947 wani ma'aikacin Ofishin Mulkin Mallaka na Landan, Ivor Cummings, ya zo Ikko aiki. Mahaifinsa ɗan Saliyo ne, mahaifiyarsa Baturiya. Otal ɗin Bristol ya hana shi ɗaki saboda launin fatarsa, abokin tafiyarsa Bature kuwa aka karɓe shi. Jaridun Ikko suka ɗauki maganar, jama'a suka fusata, Gwamna Ricas ya fito ya haramta wariya a wuraren jama'a, aka sauya wa asibitin Turawa suna. Muƙaman Turawa ma a wannan tsakanin suka koma ana ce musu manyan muƙamai. Abin lura a nan: sai da wulaƙancin ya faɗa kan wanda ya zo daga Landan da takardar Sarkin Ingila aka motsa. Dubban da aka ɗiba zuwa ramin kuza shekara uku kafin nan ba su sa an sauya sunan ko da ƙofa ɗaya ba.

Arewa da Zurmi kaɗan, an shiga ƙasar Nijar. Can Faransa ba ta ma yi kara ba, ta rubuta wariyar a cikin dokar zaɓe. Daga 1946 aka yi rajista biyu: ɗaya ta masu cikakken matsayin ɗan Faransa, waɗanda kusan dukkansu Turawa ne, ɗaya ta 'yan ƙasa. A majalisar farko ta Nijar mai kujeru 30, 'yan tsirarun rajistar farko ke da 10, sauran al'ummar ƙasar baki ɗaya 20, kuma ko a rajista ta biyun ba kowa ake rubutawa ba. Wannan tsari ya tsaya har dokar 23 ga Yuni, 1956, wadda ta haɗe rajistar ta kuma ba kowane baligi ƙuri'a, mace da namiji. A zaɓen 31 ga Maris, 1957, jam'iyyar Djibo Bakary ta ci kujeru 41 cikin 60. A riƙe wannan kwanan wata, domin yana nufin Bahaushiyar Maraɗi ta samu 'yancin ƙuri'a kusan shekara ashirin kafin 'yar'uwarta ta Shinkafi, alhali harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, wataƙila ma kakarsu ɗaya.

A ɓangarenmu, tsarin mulkin Ricas da ya fara aiki a Janairun 1947 shi ya fara zaunar da 'yan Arewa da 'yan Kudu a majalisar dokoki guda. Ya kafa Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai a Kaduna. Ba a yi zaɓe ba. En'e-En'e ne ke tura wakilai daga cikin ma'aikatansu. Da aka zo taron Badun a Janairun 1950 don sake tsarin, Sarkin Zazzau Ja'afaru da Sarkin Katsina Usman Nagogo suka tsaya kai da fata sai an ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya, aka kuwa ba ta: 68 cikin 136. Hujjarsu yawan jama'a, kuma hujja ce mai ƙarfi. Tambayar da ta rage ita ce ta yaya wannan jama'a mai yawa za ta fitar da wakilanta.

Amsar da tsarin mulkin Gwamna Makfasan na 1951 ya bayar ita ce zaɓe hawa-hawa, kuma ya kamata kowane ɗalibin tarihinmu ya fahimci yadda yake aiki. A ƙauye, maza masu biyan haraji su taru a fili, gaban hakimi, su nuna wanda suke so a bainar jama'a. Waɗanda aka nuna su tafi matakin gunduma, su zaɓi wasu daga cikinsu. Waɗannan su wuce mataki na gaba, har a kai ga taron ƙarshe na lardi, wanda shi ne ke fitar da 'yan majalisar Kaduna. 'Yan majalisar Kaduna kuma su zaɓi waɗanda za su tafi Ikko daga cikinsu. Tamkar tankaɗen gari ne da rariya bayan rariya, kowace ta fi ta baya ƙanƙantar ido. Abin da ya fito a ƙarshe ya yi laushin da mai tankaɗen ke so. Ba a tsaya nan ba. Doka ta ba En'e ikon ta ƙara mutanenta, kashi goma cikin ɗari, a taron ƙarshe, mutanen da ba su bi ta kowane mataki ba, kuma suna iya tsayawa takara a wurin. Wanda ya faɗi a unguwarsu ma ana iya shigo da shi ta wannan ƙofa.

A yi tunanin magidanci a Ɗan Isa a wannan rana. Wanda ke zaune a gaban taron shi ne mai yanka masa haraji, shi ke raba gona, shi zai iya rubuta sunan ɗansa idan aka zo neman ƙarti. An ce ya ɗaga hannu. Ko da ya yi ƙarfin halin ɗagawa ga wanda ransa ke so, muryarsa sai ta ƙetare mataki uku ko huɗu kafin ta isa Sakkwato, kuma a kowane mataki idon uban ƙasa na kai.

Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta gwada wannan tsani ta ga iyakarsa. Ta yi nasara a matakin farko a cikin Kano da wasu garuruwa, har hankalin sarakuna da Turawa ya tashi, aka gaggauta mayar da Jam'iyyar Mutanen Arewa cikakkiyar jam'iyyar siyasa, NPC, a Oktoban 1951. Da aka kai matakin ƙarshe, ko ɗan NEPU ɗaya bai shiga majalisa ba. Malam Aminu Kano kansa bai tsallake ba. Majalisar ta cika da hakimai da 'yan majalisar sarki da ma'aikatan En'e. Ba ina cewa ba su da cancanta ba; a cikinsu akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa, akwai Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya san ƙasar nan ciki da bai domin tun 1938 aka zaunar da shi Gusau yana duba gundumomin gabashin Sakkwato. Mutane ne masu kishin Arewa, sun kuma yi mata aikin da har yau ake cin moriyarsa. Amma hanyar da ta kai su kujera an gina ta ne yadda ba za ta kai ɗan tireda ko ɗan koli ko tela ba.

Nan ne nake ganin asalin matsalar. Turawa ba su tarar da mu a daidaice ba. Sun tarar da sarakai da talakawa, da 'ya'ya da bayi. Bauta ma ba a soke ta ƙarƙaf a dokar Arewa ba sai 1936. Abin da suka yi shi ne suka ɗora matakin launin fata a kan matakan da suka tarar, suka ƙarfafa na ƙasan da bindiga da kurkuku domin su ɗauki nauyin na saman. Da lokacin tafiyarsu ya ƙarato, matakin saman kawai aka cire.

Shi ya sa 'yan NEPU, wato 'yan Sawaba, suka fi samun gindin zama a garuruwan jirgi, irin su Gusau da Ƙauran Namoda, inda ake da 'yan kasuwa da teloli da mahauta da 'yan kamasho da baƙi, mutanen da abincinsu bai rataya ga gonar da hakimi ya ba su ba. Sun kuma ɗanɗana kuɗarsu. Taron siyasa sai da izinin En'e, En'e kuwa ta NPC ce. Kalma ɗaya a kan dandamali ta isa a kai mutum gaban alƙali da tuhumar zagin sarki, ba lauya, a yanke masa wata uku ko shida, wani lokaci har da bulala. Akwai waɗanda aka ninka wa haraji, akwai waɗanda suka bar garinsu ba su koma ba.

Matsin lambarsu da na 'yan Kudu ya sa aka riƙa rage matakan. A zaɓen Jihar Arewa na 1956 an yi ƙuri'ar kai tsaye a wasu mazaɓun birane, karkara kuwa aka ci gaba da hawa-hawa. Sai ranar 12 ga Disamba, 1959, kowane namiji ɗan shekara 21 a Arewa ya samu ƙuri'ar asiri, kai tsaye, ba tare da an tambaye shi takardar haraji ba. Kowane ɗan takara da akwatinsa da alamarsa a jiki: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, bishiyar kwakwar manja ta Action Group, wadda shugabanta Awolowo ya yi yawon kamfe da jirgi mai saukar ungulu. Mutum ya shiga bayan labule shi kaɗai ya saka takardarsa inda ya ga dama. Kusan tara cikin goma na waɗanda suka yi rajista a Arewa sun fito. Mutanen da aka shekara hamsin ana cewa ba su isa zaɓe ba, ranar farko da aka buɗe musu ƙofa sun fi kowane yanki na ƙasar cika rumfa. NPC ta ci kujeru 134, NEPU ta samu 8, Malam Aminu ya tafi majalisar Ikko.

Amma a duba lissafin kujerun. Majalisar tana da 312, Arewa ta samu 174, kuma bisa yawan jama'a aka raba, wato an ƙirga maza da mata da yara. Matan Arewa sun shiga lissafin da ya ba yankinsu rinjaye, sannan aka ce su zauna gida. Matan Gabas sun fara zaɓe tun 1954, zuwa 1959 duk matan Kudu suna yi. Irin wannan lissafi yana da tarihi a duniya. Tsarin mulkin Amurka na 1787 ya ƙirga kowane bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum domin a ƙara wa jihohin masu bayi kujeru, bawan kuwa ba shi da ƙuri'a. Matsayin matar aure a Zurmi ba ɗaya yake da na bawa a gonar auduga ba, kuma ba na haɗa su. Dabarar lissafin ce iri ɗaya: a ci amfanin adadinka, a hana ka magana.

Hujjar shugabannin NPC ita ce al'ada da addini da kulle, da cewa lokaci bai yi ba. NEPU ta ce lokaci ya yi. Malam Isa Wali ya yi rubuce-rubuce a jarida a 1956 yana kafa hujja daga cikin Musulunci kan haƙƙin mata. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga gidaje tana yi wa matan kulle bayani, aka ɗaure ta fiye da sau goma, aka yi mata duka, aka kore ta daga Kano. Ni dai hujjar addinin ba ta gamsar da ni ba, musamman a ƙasar da Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura malamai mata masu laƙabin jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, aka kuma riƙa jin maganarta a al'amuran daula. Ga kuma Maraɗi nan kusa, matan Musulmi sun yi zaɓe, aurensu bai mutu ba, sallarsu ba ta ɓaci ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne ba wanda ya san inda ƙuri'ar mata za ta faɗa, kuma mai riƙe da rinjaye ba ya son abin da bai san ƙarshensa ba.

Abin da ya ƙara wa lamarin ciwo, tsarin mulkin 'yancin kai na 1960 yana ɗauke da babi guda na haƙƙin ɗan Adam, wanda aka saka bisa shawarar kwamitin Willink da ya binciki koken ƙananan ƙabilu, kuma a ciki an hana nuna bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini ko ra'ayin siyasa. Ba a ambaci jinsi ba. A waje kuma Nijeriya ta zama babbar murya kan wariyar launin fata: bayan kisan mutum 69 a Sharpeville a Maris 1960, Tafawa Ɓalewa na cikin shugabannin da suka matsa har Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 1961. Matsayi ne na alfahari, kuma daidai ne. A daidai lokacin, rabin baligan yankinsa ba su da ƙuri'a. Tsarin jamhuriya na 1963 bai gyara ba, har sojoji suka kifar da gwamnatin a Janairun 1966.

Sojoji ne, waɗanda ba wanda ya zaɓe su, suka buɗe ƙofar. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rushe tsarin En'e, kuma a wannan shekara aka amince matan Arewa su yi zaɓe su kuma tsaya takara. Kwamitin mutum 49 da Janar Murtala ya kafa ƙarƙashin Rotimi Williams don rubuta sabon kundi ba mace ko ɗaya a cikinsa, amma kundin da ya fito a 1979 ya ba kowane ɗan ƙasa mai shekara 18 ƙuri'a, ya kuma saka jinsi cikin abubuwan da aka hana nuna bambanci a kansu. Matan Ɗan Isa da Zurmi da Shinkafi suka fito a zaɓen da ya kai Shehu Shagari fadar shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa kuma gidan gwamnatin Sakkwato. Tun daga ranar, ba ɗan siyasar da ya sake cewa addini ya hana. Kowa ma neman layin mata yake, da atamfa da sabulu da magi.

Daga nan rigimar ta tashi daga wa zai jefa ƙuri'a ta koma wa za a jefa wa. Mutanen wannan yanki sun ga haka a kan ɗansu. Alhaji Umaru Ali Shinkafi, Marafan Sakkwato, ya nemi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar NRC a 1992, ya kai ga zagaye na biyu tsakaninsa da Malam Adamu Ciroma, Janar Babangida ya soke zaɓen fidda gwanin jam'iyyu biyun da ake da su a lokacin baki ɗaya, ya haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa. Shekara ta zagayo aka soke zaɓen 12 ga Yuni kansa. Jihar Zamfara da aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba, 1996, da kundin 1999 da muke aiki da shi, duka da dokar soja suka zo. Kalmomin farko na kundin suna magana da sunan al'ummar Nijeriya, amma ba a taɓa kai shi gaban al'ummar ta ce e ko a'a ba.

Sai 2019, abin da duk mai hankali a Zamfara ya shaida. Rikici tsakanin ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari da na Sanata Kabiru Marafa ya hana APC yin zaɓen fidda gwani karɓaɓɓe kafin wa'adin hukumar zaɓe ya cika a Oktoban 2018. Kotu a Gusau ta ce an yi, wata kotun a Abuja ta goyi bayan hukumar zaɓe, aka dai saka jam'iyyar a takardar ƙuri'a. Jama'a suka fito, ɗan takararta na gwamna, Mukhtar Shehu Idris, ya samu ƙuri'a 534,541, Bello Matawalle na PDP 189,452. Ranar 24 ga Mayu, kwana biyar kafin rantsuwa, Kotun Ƙoli ta yanke cewa APC ba ta da 'yan takara tun farko, don haka ƙuri'un da aka jefa mata sun tafi a banza. Kujerar gwamna, da ta sanatoci 3, da 'yan majalisar wakilai 7, da 'yan majalisar jiha 24, duk suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu. A shari'ance ban ga laifin alƙalan ba. Jam'iyyar da ta karya dokar da ta san da ita ba ta da bakin kuka. Amma matar da ta bar girkinta ta tsaya cikin rana a Ɗan Isa ba ta karya dokar kowa ba, kuma ita ce aka zubar wa ƙuri'a saboda abin da manya suka kasa daidaitawa a ɗaki.

Ga kuma abin da ba kundin da ya rubuta amma ya fi kowace doka hana zaɓe a yau. Sashe na 14 na kundin 1999 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. A ƙasar Zurmi da Shinkafi da Ƙaura akwai ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, mutanensu suna raɓe a gidajen dangi a cikin gari, katinsu kuwa yana ɗaure da rumfar da ba mai iya kwana kusa da ita. Hukumar zaɓe tana da tsarin zaɓen 'yan gudun hijira tun 2015, sai dai ya fi sauƙin aiki inda ake da sansani da rajista, yawancin namu kuwa ba a sansani suke ba.

Wanda ya samu isa rumfar kuma, sunayen da zai tarar a takarda an riga an tace su. A ƙarshen 2021 majalisar tarayya ta zartar da gyaran da zai tilasta wa jam'iyyu yin 'yar tinƙe, kowane ɗan jam'iyya ya zaɓi ɗan takara da kansa. Gwamnoni suka ƙi, Shugaba Buhari ya mayar da ƙudurin yana kafa hujja da tsada da matsalar tsaro, dokar da ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022, ta bar wa jam'iyyu zaɓi tsakanin 'yar tinƙe da daliget da sasanci. A wannan shekarar manyan jam'iyyun biyu suka ɗauki daliget wajen fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa. A taron APC na Abuja kowace ƙaramar hukuma mutum uku ta aika, a na PDP mutum ɗaya. Ƙauran Namoda, da Ɗan Isa da sauran mazaɓunta duka, mutum huɗu ne suka yi magana da yawunta a tarukan biyu.